Tsakin Dare

Cima ta zo shagona bayan la'asar
da waya ƙulle a bakin zane.
Ta ce, daƙiƙa arba'in da bakwai ne,
su kaɗai suka rage mini na Baba.

Na ɗora a na'ura. Duhu.
Daren nan an ɗauke wuta a Birni,
'yar fitila ce aka aza bisa turmi,
batirinta na shure-shuren mutuwa.
Hoton duk tsaki, ja da kore da shuɗi,
suna tafasa kamar gidan tururuwa da aka taka.
Can ciki wani abu na motsi,
ko hannu ne, ko inuwa.

Na ja linzami, na ƙara haske,
tsakin ya taso tare da shi.
Haka abin yake, Cima:
wanda ya tono rijiya da dare,
da ruwan da laka zai sha.

Na ce mata manhajar nan matankaɗiya ce.
Takan ɗauki hoton da ya wuce da wanda ke tafe,
ta jera su, ta yi musu tambaya.
Abin da ya tsaya wuri guda, shi ne tsaba,
abin da ke tsalle-tsalle, dusa ce, a sheƙe.
Ta ce, to tankaɗe mini shi.

Na tura ma'auni har ɗari.
Fankar na'ura ta kama kuka,
zafin Damagaram na taya ta.
Mai ruwa ya wuce da kurarsa, jarkoki na gware,
aka kira magariba a Zango,
layin kore na rarrafe kamar hawainiya,
mu biyu muna kallonsa, ba mai cewa uffan.

Da ya gama, sai ga fuska
sumul, fes,
kamar 'yar tsanar masu kanti a Kasuwar Dole.
Na gyara zama ina jiran yabo.

Ta daɗe tana dubawa.
Ta ce, wannan wane ne?
Ina askar kumatunsa, uku nan, uku nan?
Ina tabon da basilla ta bar masa a babban yatsa?
Barma baduku bai taɓa yin santsi haka ba,
ko ran da aka yi masa wankan ƙarshe.

Kunya ta rufe ni.
Ashe rariyata ta cika ƙanƙanta,
ta tafi da tsakin, ta haɗa da mutumin.

Na dawo baya. Tamanin. Sittin.
Na tsaya a talatin da takwas.
Na rage wa kalar ƙaiƙayi, na bar wa hasken nasa,
na ɗan ɗaga inuwa, kaɗan,
kamar mai ɗaga labulen ɗakin majinyaci.

Sai ga askar, biyu a fili, ɗaya na ɓuya.
Sai ga jar fatar akuya bisa gwiwa,
zare a baki, ido a ƙanƙance,
yana ɗinkin wani alabe da bai ƙarasa ba.
Tsakin na nan yana yawo a bango,
amma yanzu ya san matsayinsa.

Ya ɗago kai, ya dubi waya,
ya ce, ke, aje abin nan ki riƙe mini fitila.
Nan hoton ya karkace, ya yanke.

Ta ce, maido.
Na maido.
Sau tara muka riƙe masa fitilar.

Ta aje jaka biyu bisa tebur, ban ƙirga ba.
Na rufe shago, na bi ta gindin duwatsu,
unguwa ba wuta, ko ta ashana.
Sai na lura idona ma tsaki yake yi,
ɗige-ɗige na iyo a cikin baƙi,
kuma da shi na gane hanya,
da shi na gane ƙofar gidanmu,
da tsohuwata zaune a zaure tana jan carbi.