Munduwar Ladingo

Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da sitiyari,
goro a kunci, shayin Kwangila a ciki,
ban taɓa yarda ina gyangyaɗi ba.
Nakan ce wa yaron mota: ido nake hutarwa.

Sai Ladingo, autata mai karatu a Samaru,
ta zo da wata baƙar munduwa ta roba,
ta kama wuyan hannuna kamar mai awon jini.
"Baba, wannan jijiyarka take saurara.
Ta san bugun zuciyar mai ido biyu,
ta san na wanda barci ya fara lallaɓa.
In ka yi nisa, za ta girgiza ka."

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni.
Ni da na san kowane rami na hanyar Kaduna,
roba ce za ta koya mini farkawa?
Na bar ta a hannu don kunyar 'ya.
A tasha suka sa ni gaba:
"Ga Jatau da awarwaro! Yaushe ne kamu?"

Daren Laraba, tsakiyar damina,
buhunan taki ɗari shida a bayana,
kwana biyu rabona da shimfiɗa.
Na wuce Jaji cikin yayyafi,
waifa na kai da komowa kamar mai rarrashin jinjiri.
Yaron mota ya daɗe da tafiya, baki buɗe.
Na hango fitilun Gwargwaje, na ce an iso.
Ashe a bakin ƙofa ɓarawon yake jira.

Na ga innata tana shanya kuɓewa a tsakar gida,
ita da muka binne shekara tara.
Ta miƙo mini ƙwarya, na miƙa hannu,
sai hannun ya ɗauki rawa
kamar rina ta shiga hannun riga.

Na buɗe ido.
Ban san na rufe su ba.

Tayar dama ta riga ta ɗanɗana ciyawa.
Gaba, tanka ce tsaye ba fitila,
sai ganyen da aka watsa a kwalta.
Na taka birki, salati ya riga ni fita.
Abin da ya rage tsakaninmu
bai kai tsawon dardumar salla ba.

Barau ya fi ni iya tuƙi.
A irin wannan sa'a aka zaro shi,
da goron da bai gama taunawa ba.
Shi ba abin da ya taɓa masa hannu.

Na kwana a bencin mai shayi a Ɗan Magaji.

Da hantsi Ladingo ta tare ni a zaure, waya a hannu:
"Ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya, Baba,
me ya faru?"
Na ce rami ne.
Ta dube ni, irin kallon uwarta.

Na miƙa mata hannu na ce:
"Duba min, kamar cajinta ya yi ƙasa."