Fayil Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Shekara goma sha ɗaya ke nan
da Shekwolo ya shimfiɗa taswira a teburina,
ya danne gefe da kofin shayi, gefe da makullin babur,
ya ja layi da jan biro
daga Malali, ya bi gaɓar kogi,
ya ratsa Unguwar Rimi, ya sha inuwa a Gamji,
ya sunkuya ƙarƙashin gadar jirgi,
ya haye Barnawa.
Ya ce, "Tanimu, ba ta mota ba ce,
ta ƙafa ce wannan hanya."

Ni akawu ne, sai na tambayi kuɗi.
Ya faɗa. Na cire tabarau na goge.

Shekarar farko aka sa mu a kasafi,
layin ƙarshe, ƙasan kuɗin fentin ofis.
Ta biyu kogi ya cika ya shiga ɗakunan mutane,
kuɗinmu suka koma tabarmi da buhunan shinkafa.
Ban yi musu ba.
Wanda katifarsa ke iyo
ya fi mai neman shan iska gaskiya.

Ta uku zaɓe.
Ta huɗu sabon maigida ya ce a sake nazari,
aka ɗauko masana daga nesa,
suka kwana biyar a otal,
suka maido mana layin Shekwolo da shuɗin launi.
Ladansu ya isa shimfiɗa kilomita biyu.
Farashin siminti kuwa, na gaji da gogewa,
na koma rubuta shi da fensir.

Ana nan likita ya ce wa yayata Ladidi,
"Jininki ya hau, ki riƙa tafiya rabin awa kullum."
A ina?
Tsakanin keke mai ƙafa uku da bakin kwata?
Gefen titin da mai gasa masara ya riga kowa kafa murhu?
Sai ta ɗaura zani da asuba,
tana ƙirga sittin a tsakar gida
tana kewaya rijiya.

Ba zan ce ba a yi komai ba.
Mita ɗari takwas muka samu a shekara ta bakwai,
benci uku, ɗaya ya yi ƙafa da dare,
maɗaci arba'in, sha bakwai suka rayu,
su ma don Shekwolo, da ya ajiye aiki,
yana zuwa da jarka biyu a bayan babur.

Abin da na koya a kujerar nan:
kuɗin gini yana da dangi,
akwai almakashi, akwai kintinkiri, akwai mai hoto.
Kuɗin gyara maraya ne.
Wa zai yi tafi don an sauya ƙwan fitila?
Wa zai sa sunansa a allo
don an biya mai lauje da mai tsintsiya?

Jiya da la'asar na je na tsaya
inda daɓen ya ƙare, ciyawa ta karɓa.
Wasu mata biyu, ɗaya da hijabi, ɗaya da ɗankwalin zumunta,
suna tafe suna kukan tsadar tumatir.
Na zaci za su juya.
Suka wuce.
Ashe ƙafafu sun daɗe da fidda turba a cikin ciyawar,
siririya, ja kamar biron Shekwolo,
daidai inda ya zana,
ba kwangila, ba sa hannun kowa.

Baɗi zan miƙa makullin durowa ga Kyauta,
yarinyar da ta fi ni saurin lissafi.
Na manna mata 'yar takarda a bangon fayil:
kada ki nemi duka, nemi mita ɗari biyar,
ki ɓoye na gyara a cikinsa tun farko,
in sun soke, ki sake sawa.
Mai dasa maɗaci ba don bayansa yake yi ba.

Bana ma na rubuta ta.
Layin ƙarshe. Da biro.