Kamar Ƙwayar Gyaɗa

Ƙarfen ya sauko a Apapa ranar Talata,
azahar ba ta yi ba.
Sarƙar injin ɗaga kaya ce ta tsinke, in ji su.
Nomau yana ƙasa, yana cacar baki kan kuɗin lodi,
zagin bai gama fita daga bakinsa ba.

Kwana goma sha ɗaya a asibitin Idi-Araba.
Na sayar da injin markaɗena, na sayar da 'yan kunne.
Ya farka ranar da aka ɗauke wuta,
ya kalli fankar da ta tsaya cik,
ya yi murmushin da ban taɓa samu ba
ko a makon aurenmu.

Mutumin da ke jifa da kwano in tuwo ya huce.
Mutumin da kwandastocin Oshodi suka haddace muryarsa.
Ga shi zaune bakin kwata a Agege
ruwan sama na cika ta,
yana cewa, "Jummala, an cire mini katanga.
Ni da ruwan nan da ledar da ke tafiya a kansa,
ban ga inda wani ya ƙare wani ya soma ba."

Likita Oyelaran ta ɗaga hoton kansa ga haske.
Ta ce, "Ga shi, kamar ƙwayar gyaɗa.
Jini ne ya kwanta kan wurin da ke gaya wa mutum:
nan fatarka ta tsaya, can duniya ta fara.
Biyu da safe, biyu da dare."

Nimal mai kula da sito, mutumin Siri Lanka,
ya zo da abarba, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa.
Ya saurare shi har shayi ya yi sanyi.
Ya ce, "A garinmu mabiya Buda kan aske kai,
su yafa ƙyalle ruwan goro,
su shekara talatin suna bin sawun numfashinsu
don su leƙa abin da yake faɗa."
Na ce, to ya isa ke nan?
Ya juya kofi a hannunsa.
"Wanda ya hau dutse da ƙafarsa ya san kowace ƙaya.
Wanda guguwa ta ajiye a bisa,
abin da aka gani shi ma ya gani, amma..."
Bai ƙarasa ba. Ya nemi takalminsa.

Liman Barau ya ce buɗi na Allah ne,
yakan shigo ta ƙofa, yakan shigo ta tsagar bango.
"Yana salla?" Yana yi.
Sai dai yakan yi sujada ya manta da ɗagowa
har ladan ya zo kulle masallaci.

Ni ba malama ba ce. Ga nawa ma'aunin.
Uwani ta dafa risho da tafin hannu,
ihunta ya tsallaka layin dogo.
Ubanta ya waiwayo
da murmushin nan, shi ɗin dai,
wanda yake yi wa leda.
Daren nan ban runtsa ba.
Hasken da bai san 'yarsa daga leda ba,
wa ya aiko shi, kuma wa aka aiko wa?

Wata uku. Gyaɗar tana ƙanƙancewa, in ji hoto.
Jiya ya kai loma baki, ya haɗe gira:
"Gishirin nan ya yi yawa."
Na zaga bayan ɗaki na yi kuka,
ban san ko barka zan karɓa ko gaisuwa ba.

Can cikin dare, janaretan maƙwabta ya mutu.
Na ji shi a duhu, riƙe da hannun Uwani,
yana hura tabon da ya riga ya warke,
yana cewa a hankali, ba da ni ba,
"An mayar da katangar.
Amma na san abin da ke bayanta."