Shuɗiyar Fitila

Kwana uku da haihuwa, farin idonsa ya koma ruwan ƙwai.
Rumasa'u ce ta gani da hantsi, tana ba shi nono.
Ta kira ni ina Fam Santa, na kwance wayar wani,
na bar ƙusoshin a warwatse, na tari adaidaita.

Iya ta ce, “Shawara ce, ba baƙuwa ba ce a gidan nan.
Ku bakwai na haifa a Gwammaja, a wannan ɗakin,
da hantsi nake shanya ku kamar barkono,
in ɗura muku rubutun Malam Ɗanjummai.
Ga ka nan har da gemu.”
Na sunkuyar da kai.
Ban tuna mata mu huɗu muka rage ba.

Likitar kuwa ba ta kai ƙanwata a haife ba,
Dakta Suwaiba, biro a maƙale a bakin hijabi.
Ta danna goshinsa da yatsa, ta dubi gurbin,
ta aika da jini, takarda ta dawo, ta daina murmushi.
Ta ce abin ya hau, in ya ƙara, ƙwaƙwalwa zai nufa.
A tuɓe shi, a rufe masa ido, a kunna fitila.
Ko ɗigon ruwa kada ya wuce leɓensa.
Nono kawai.

Ni da kullum nake faɗa da masu buɗe waya da wuƙa,
ina cewa ku kawo wa wanda ya koya,
yau ga ni a baranda, takalmi ɗaya a juye,
uwata a dama, takardar asibiti a hagu,
kowacce na jan hannun rigata.

Bayan magariba Iya ta iso da robar ruwa,
baƙi wuluk, an wanko daga allo, har da ɗumin hannun malam.
“Cokali ɗaya,” in ji ta. “Sunan Allah ne fa, Mudassiru.
Yaushe ƙwan lantarki ya fi ayar Allah?”
Bakina ya yi nauyi.
Yaron yana kwance cikin shuɗin haske kamar ɗan kifi,
haƙarƙarinsa na hawa, na sauka.

Rumasa'u ce ta miƙa hannu, ɗinki bai ma warke ba.
Ta dubi likita: “Ni fa?”
Likita ta ce, “Ke ai babba ce.”
Ta yi bisimilla, ta kafa kai, ta shanye tas,
ta goge baki da gefen zane.
“Iya, hanyar ɗaya ce. Ta nan zai same shi.”
Ta ɗauke shi ta sa a ƙirji.

Iya ta daɗe tana kallon robar.
Sai ta ciro carbi, ta ja kujera gaban fitila,
ta zama mai gadinta.
Da aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare,
muryarta ce ta tashi mai janareta.

Ni kuma da asuba, na fita neman ruwan zafi,
na hangi Dakta Suwaiba a lungu, kan kwali,
hannuwa sama, ta daɗe ba ta shafa ba.
Ban san sunan wa take kira ba.
Jarirai goma sha ɗaya ne a ɗakin.

Ran suna rago ya sha wuƙa babu mai sunan a gida.
Kwana biyu bayan nan muka dawo da Zubairu,
idonsa fari kamar kindirmo.
Iya na gaya wa 'yan barka rubutu ne.
Maƙwabcina ya ce fitila ce.
Na ce alhamdulillahi, na biya bashin kemis.

Jiya an haihu a gidan Lawandi mai faci.
Na ga Iya ta karɓi jaririyar, ta tofa mata addu'a,
ta matsa bakin ƙofa inda haske yake,
ta danna goshinta da yatsa,
ta tsaya tana duban gurbin.