Haɗin Rassa a Gadarif

Wuta ta dawo ƙarfe ɗaya na dare.
Fanka ta yi tari sau biyu, ta kama juyi.
Na ture kofin gahawa gefe,
na buɗe baƙin allo.
Ɗan farin ɗigo yana ƙyafta mini ido
kamar mai awo da ke jiran a ce nawa.

Reshe biyu, kututture ɗaya.
Ni da Muntari muka rabu a kai tun farkon damina:
shi ya ɗauki lissafin buhunan riɗi,
ni sunayen manoma da bashin iri.
Ya tafi Kasala da nasa a jaka,
na zauna da nawa a ɗakin bayan shago.
Jibi kasuwa za ta buɗe,
dole ruwan nan biyu su koma kwari ɗaya.

Na'ura ba ta jin lallashi.
Karan ɗori biyu, kalma ɗaya a gabansu,
sai ta bi.

Akwai kalmar gaggawa:
da hanyar miƙe take, sai ta ja alama gaba kawai
kamar ba a taɓa yin mararraba ba.
Wanda ya duba tarihi gobe
ya ga layi ɗaya santal,
ya ɗauka mutum ɗaya ya yi tafiyar.

Akwai ta dunƙulewa:
ajiya goma sha bakwai da Muntari ya yi,
har da wadda ya sa wa suna "na gaji, sai gobe",
har da ta daren da 'yarsa ke zazzaɓi,
a kirɓa su, a cura kamar fura,
a liƙa wa curin sunana.
Tsaf-tsaf. Amma yatsana ya ƙi.

Kakata Dubu takan ce
mutanenmu da suka taso daga Haɗeja a ƙafa
shekara tara suka yi kafin su sha ruwan Nilu,
kowane zango da haihuwarsa, da kabarinsa.
A takardar hukuma kalma biyu ce: sun zo.
Wani ne ya dunƙule su.

Sai na buga ta uku, mai barin ƙulli
a daidai inda igiya ta sadu da igiya.

Allo ya tsaya cak. Saɓani.
Layi na ɗari biyu da sha ɗaya
ashe mu biyu duk mun taɓa shi.
Shi ya ce a auna da kilo, haka 'yan Bur Sudan ke saye.
Ni na ce da mudu, haka Baba Jibo ke ƙirga gonarsa,
kuma ba ya yarda da lambar da bai taɓa cika ta da tafinsa ba.
Na'ura ta jera mu, nawa sama, nasa ƙasa,
ta ja shinge tsakani,
ta naɗe hannu.

Akwai "namu". Akwai "nasu".
Kowacce 'yar gajeriya,
kowacce tana yanke shari'a ba ta saurari kowa ba.
Akwai kuma ta fasawa, a koma gidan jiya
kamar ba a yi sallama ba.
Na rubuta ta har rabi.
Na goge.

Na kira shi. Ya ɗauka da muryar barci,
wani kare yana haushi a bayansa.
"Kilo ne, ko?" in ji shi, tun ban buɗe baki ba.
Muka yi dariya har kuɗin wayata ya kusa ƙarewa.
Layi uku muka ƙara da hannu:
Baba Jibo ya faɗa da mudu,
na'ura ta juya shi kilo,
takarda ta fito da duka biyun.

Na duba zanen tarihi.
Layi ya buɗe, ya yi ciki, ya rufe,
kamar goro da aka ɓare aka mayar.
Duk goma sha bakwai ɗin suna nan,
har da "na gaji, sai gobe".

Ladanin unguwarmu ya gyara murya.
Fanka ta rage gudu, ta tsaya.
Saura tara a batir,
ban tura ba tukuna,
ina tsakar gida da kwamfuta a hannu
ina neman inda sabis ya kwana.