Hular da Ban Rufe Ba

Zobena ne ya fara faɗa mini,
ranar da ya ƙi fita ko da sabulu.
Sai takalmi ya bi, sai fuska.
Inna ta ce kumburin wata bakwai ne, kowa ta yi,
in ɗora ƙafa bisa turmi in huta.

Ina tsakar gida a Yakasai, kube a cinyata,
sai kafar allura ta ɓace mini.
Bango ya cika da ƙyalli kamar an fasa madubi,
cikin kaina maƙera suka buɗe kasuwa.

Mudi ya sauke fasinjojinsa a Ƙofar Nasarawa
ya juyo da adaidaita, ko canji bai tsaya ƙirgawa ba.

Malama Asabe ta naɗe mini dantse,
ta matsa, ta saurara,
ta sake matsawa.
Ɗari da saba'in bisa ɗari da goma.
Fitsari ma, ta ce, ya ba da shaida.

A bayan katina likita ya zana mabiyiya:
jijiyoyin da ya kamata su buɗe kamar titi
sun tsuke kamar lungun cikin gari,
abinci da iska a sahu suke isa gare ka.
Ya ce yanzu ake kan saƙar ƙwaƙwalwarka,
ƙarancin yana iya taɓa ta.
Yana iya, ya ce, ba dole ba;
da yawa sun tashi garau, suna can suna ƙiriniya.

Ni da nake ɗinki tun ina 'yar tara,
na san zanen da zare ya yi wa gardama.
Na kuma san wanda aka lallaɓa ya kai.

Yau kwana shida a gadon kusa da taga.
Allurar hana jijjiga na ƙuna a ƙuguna,
na haɗiye ƙwayoyi, na kwanta ta hagu,
ina ƙirga shurinka da ƙullin zare.
Takwas.
Na jira har aka kira assalatu a masallacin Juma'a.
Tara. Goma. Ɗan nema, ashe barci kake.

Gobe za su sake auna kanka a na'ura.
Na sa Mudi ya kawo mini ƙyalle da shuɗin zare,
na gwada a kan lemon da aka kawo dubiya,
na ƙara yatsa biyu.
Saman dai ban rufe ba.
Kai za ka faɗa mini inda zan tsaya.