Kunnen Ilu

Ni na yi dakon sifikunsa shekara tara,
in za a yi zancen Ilu, a matsa mini.

Shagonsa a Fagge bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba,
rediyoyin mutane jibge har rufi, ciki a buɗe,
ƙaurin dalma ya kama labule.
Gyara ake kawo masa, shi kuwa saurare yake.

Wata Laraba ya ja ni rumfar masu bugu,
ya ajiye rakoda gab da gungume,
ya ce, "Yi shiru, Talle.
Mutanen nan ba su san ganga suke kaɗawa ba."
Muka naɗo dukan shadda.
Muka naɗo injin markaɗe a Gwammaja
da tarin janareto in mai ya kusa ƙarewa.
Da dare ya sa reza ya yanka zaren kaset,
ya liƙe da jan farcen ƙanwarsa:
bugu huɗu, bugu huɗu, ba hutu,
kamar ƙirjin wanda ya tsere wa kare.

Daren farko, bayan wani otal a Sabon Gari,
aka yi cirko-cirko.
Wani ya ce kaset ɗin ya maƙale.
Masu kalangu har da riƙe ciki:
kiɗa ba fata, ba kirarin kowa,
wa zai yi maka liƙi?
Sai mai tuyar doya ta ajiye matsami.
Kafaɗa ta fara, ƙafa ta bi.
Kafin a ɗauke wuta ƙasar wurin ta daku.
Naira sha biyu muka tashi da ita
da sifika ɗaya a fashe.

Daga nan Birget, daga nan Dakata.
Direbobin hayis suka kwashi kiɗan zuwa garuruwan
da shi kansa bai taɓa takawa ba.
Bai sa sunansa a kwali ba ko sau ɗaya.
Na yi mita. Ya ce mai haƙa rijiya
ba ya rubutu a kan ruwa.

Yanzu waya nake gyarawa a Fam Santa.
Shekaranjiya ta wani yaro ta yi ƙara a hannuna,
sai ga shaddarmu,
an wanke ta, an goge, an ƙara mata gudu.
Na ce, na wane ne wannan?
Ya ce, "Na waje ne, Baba, saukewa na yi."

Na kai wa Ilu har Kurna.
Kunnen ya tafi tuntuni, sifiku sun cinye abinsu.
Ya karɓi wayar, ya danna ta a muƙamuƙi,
ya rufe ido, yatsa yana ƙirga a gwiwa.
Can ya ce, "Sun yi gaggawa.
Na hagun nan Ɗanjuma ne, kafaɗa ke damunsa,
kullum sai ya ɗan makara."

Ya yi shiru.
Ya ce, "Maido shi farko."